'Yata Tana Yi wa Turancina Dariya, Ga Jarrabawa Tana Tafe

Assalamu alaikum, Malama. Ni matar aure ce a Daura, shekarata 34, ina da 'ya'ya huɗu. Ina gama sakandare aka yi mini aure, kuma a jarrabawar fita na sami kiredit a darussa shida, amma a Turanci D7 na samu. Bana maigidana ya amince in koma karatu a kwalejin ilimi, saboda haka na yi rajistar jarrabawar WAEC ta ƙarshen shekara domin in gyara Turancin. Wadda ta kashe mini gwiwa ita ce 'yar farina, da take aji biyu a ƙaramar sakandare. Rannan na ce mata "Borrow me your biro," sai ta fashe da dariya a gaban ƙannenta, kuma tun daga ranar ban sake furta kalmar Turanci a gidana ba. Na sayi littafin nahawu mai kauri, da na buɗe na tarar wai lokutan aikatau 12 ne, sai na rufe shi na ajiye. Ga layukan da na rubuta don gwaji: "Yesterday I go to market with my daughter. She like the cloth that I buy. She is having two uniform now. I did not saw the tailor. Car of my husband, she spoil on Friday." Don Allah ki gaya mini gaskiya, akwai sauran gyara, ko in haƙura in bar wa yara karatun?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Na karanta layukanki sau uku da jan biro a hannuna, kamar yadda na saba a shekarun da na yi ina koyar da Turanci a makarantun 'yan mata a nan Katsina, kuma na ƙirga kurakurai 10. Kada adadin ya tayar miki da hankali, domin da na mayar da layukan zuwa harshenmu, ga abin da ya fito: jiya na je kasuwa da 'yata, ta so atamfar da na saya, tana da yunifom biyu yanzu, ban ga tela ba, motar maigidana ta lalace ranar Juma'a. Wannan Hausa ce tsabtatacciya wadda babu malamin da zai ɗora mata biro. Hausa kike rubutawa da kalmomin Turanci, kuma kowane ɗaya daga cikin kurakuran nan goma yana da asali a wata ƙa'idar Hausa da kika iya tun kina goye. Ciwon da aka san asalinsa yana da sauƙin magani, saboda haka amsar tambayarki ita ce akwai gyara, kuma gyaran bai kai kaurin littafin da kika ajiye ba.

Shida daga cikin goman a kan aikatau suke, wato kalmar da take nuna aiki, wadda aka koya miki a Islamiyya da sunan fi'ili, don haka a nan zan fi daɗewa. Ki duba yadda Hausa take nuna lokaci. Muna cewa na dafa shinkafa, ina dafa shinkafa, zan dafa shinkafa, nakan dafa shinkafa. A duk jimlolin huɗu kalmar dafa tana zaune daram, 'yar ƙaramar kalmar da take zuwa kafinta ce take ɗauke da nauyin lokaci, ita ce take sauyawa daga na zuwa ina, zuwa zan, zuwa nakan. Bature kuwa ya juya lamarin, "I" ce take zaune daram a wurinsa, aikatau ne yake sauya riga, shi ya sa yake cewa "I cooked rice," "I am cooking rice," "I will cook rice," "I cook rice." Lokacin da kika rubuta "Yesterday I go," a zuciyarki "I" ta riga ta tsaya a madadin na, sai kika ga babu dalilin taɓa "go". Amma a idon mai duba takarda "I go" nakan je ne, kuma kin san yadda za ki ji idan yaronki ya ce miki jiya nakan je kasuwa. Idan kika riƙe wannan kaɗai, cewa aikatau tsirara a Turanci daidai yake da nakan ɗinmu, kin rufe ƙofar da mafi yawan kurakuranki suke shigowa.

Yawancin aikatau na Turanci ana nuna shuɗewarsu ne da ƙara musu "ed" a ƙarshe, kamar "cooked" da "washed" da "liked". Akwai kuma masu taurin kai, kimanin 200, waɗanda ba su bin wannan hanya, kuma abin takaicin shi ne su ne aka fi amfani da su kullum: "go" ta koma "went", "see" ta koma "saw", "buy" ta koma "bought". Waɗannan babu dabara a kansu sai hadda. Ɗalibaina sukan yi ƙorafi a kan haka, ni kuwa sai in tambaye su wace ƙa'ida ce ta mayar da akuya awaki, doki dawaki, saniya shanu, mace mata. Baƙon da yake koyon Hausa yana kuka da jam'inmu kamar yadda kike kuka da aikatau ɗinsu, alhali ke kin haddace su ba tare da kin san kin yi hadda ba. Ki riƙa ɗaukar biyar a rana, kuma ki haɗa masu amo ɗaya wuri guda, domin sun fi zama a ka: "bought," "brought," "thought," "caught," "taught" dangi ɗaya ne, "sing, sang, sung" da "drink, drank, drunk" da "begin, began, begun" dangi ɗaya ne, "cut" da "put" da "shut" kuwa ba su sauyawa ko kaɗan.

Kuskurenki na "I did not saw" ya ma faranta mini rai, domin ya nuna kin san cewa "see" tana komawa "saw". Abin da ya rage ki sani shi ne alamar shuɗaɗɗen lokaci sau ɗaya ake sa ta a irin wannan jimla, kamar yadda ba a biyan kuɗin mota sau biyu daga Daura zuwa Katsina. Da zarar "did" ta shigo, ta biya kuɗin, aikatau sai ya koma siffarsa ta asali: "I did not see the tailor." Haka abin yake a tambaya. Mu ɗaga murya kawai muke yi mu ce kin je kasuwa? Turancin rubutu kuwa yana buƙatar a jawo "do" ko "does" ko "did" a sa a farkon jimla, a ce "Did you go to the market?" Wanda ya rubuta "Did you went" ya biya sau biyu.

Sai harafin "s" da yake manne wa aikatau idan ana maganar abin da mutum ɗaya ya saba yi, matuƙar mutumin ba ni ba ne kuma ba ke ba ce. Ana cewa "I cook," "you cook," "they cook," amma "she cooks" da "he cooks". Abin da yake rikita masu koyo shi ne "s" a jikin suna jam'i take nunawa, a jikin aikatau kuwa tilo take nunawa. Ki ɗauka cewa "s" ɗaya ce tak aka ba su su biyu, idan suna ya karɓa aikatau ya rasa, idan aikatau ya karɓa suna ya rasa: "The girl cooks," amma "The girls cook." Idan "does" ta shigo, ita ce take karɓe harafin, sai a ce "Does she cook?" ko "She does not cook."

"She is having two uniform" kuwa fassarar tana da ce kai tsaye, kuma za ki ji ta a bakin manyan ma'aikata a ofisoshi, amma mai duba takarda ba zai ƙyale ta ba. Akwai rukunin aikatau da suke nuna hali ko mallaka maimakon aikin da ake gani ana yi, irin su "have," "know," "understand," "like" da "want", kuma a wannan ma'ana ba a sa musu "ing". Ana cewa "She has," "I know," "I understand." Ki yi hattara musamman da kalmarmu ta ji, wadda take ɗaukar ayyukan da Turanci ya raba wa kalmomi da yawa. Ina jin Turanci "I understand English" ne, ina jin yunwa "I am hungry" ne, ina jin ƙamshi "I can smell" ne. Duk wanda ya ce "I am hearing English" an san daga inda ya ɗauko ta.

Abu na ƙarshe a kan aikatau shi ne na ci ɗinmu ya rabu gida biyu a Turanci, akwai "I ate" akwai "I have eaten". Littafinki zai yi shafuka a kan bambancinsu, amma abin da kike buƙata yanzu gajere ne. Idan kika ambaci lokacin da abin ya faru, jiya ko makon jiya ko shekarar 2010, to "I ate" za ki ce. Idan kuwa nufinki shi ne an riga an yi, kuma sakamakon yana nan, kamar a kawo miki abinci ki ce alhamdu lillahi na ci, to "I have eaten" ne. Da wannan kin sami lokuta biyar ke nan. Sauran bakwai ɗin da suka firgita ki daga waɗannan aka gina su, wasunsu ma sai mutum ya yi wata bai buƙace su ba, saboda haka ki bar su sai biyar ɗin sun zauna.

Kurakurai huɗun da suka rage ba su da zurfi. Hausa tana yarda a ce yunifom biyu, mota uku, shekara 34, domin adadin ya riga ya nuna yawa, Turanci kuwa dole a ce "two uniforms". Sai dai akwai sunayen da ba a ƙirga su, ba a kuma sa musu "s", kuma masu shirya jarrabawa suna son su ƙwarai: "advice," "information," "furniture," "luggage" da "equipment". Batun "a" da "the" kuma kin riga kin san shi a Hausa. Idan kika ce na ga wani yaro, yaron yana kuka, wani ɗin nan shi ne "a", harafin n da ya manne a ƙarshen yaron shi ne "the": "I saw a boy. The boy was crying." Kasuwar da kika je sananniya ce gare ki da mai sauraronki, don haka "the market" ce. Zaɓi tsakanin "a" da "an" kuwa kunne ne yake yinsa, ba ido ba, shi ya sa ake cewa "an hour" amma "a uniform". A mallaka Turanci yana fara kawo mai abu kafin abin, motar maigidana ta zama "my husband's car". Ita kuma "she" da kika sa wa mota, laifin ta ɗinmu ne na motar ta lalace. Mu Hausawa muna da sa'a a nan, domin mun saba raba shi da ita, alhali Yarabanci da Ibo kalma ɗaya suke amfani da ita ga mace da namiji. Illarmu ita ce mun raba wa kowane abu jinsi, har tukunya da tsintsiya. A Turanci abin da ba mutum ba "it" ne, kuma idan an ambaci suna ba a sake biyo shi da wakilinsa, ba a cewa "My daughter she likes," sai dai "My daughter likes." Kafin in wuce, "on Friday" ɗinki daidai ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne, tun da a ɗinmu guda ɗaya ya kasu uku a wurinsu: "in" ga shekara da wata, "on" ga rana, "at" ga ƙarfe kaza.

Yanzu ga jimlar da ta jawo miki dariya. Hausa ta raba aro da rance bisa abin da za a mayar, wanda ya ari biro biron zai mayar, wanda ya ranci gero ko kuɗi madadinsu zai mayar. Turanci bai damu da wannan ba, abin da ya duba shi ne wa ya bayar, wa ya karɓa. Mai karɓa shi ne yake "borrow", mai bayarwa shi ne yake "lend". Ara mini bironki "Lend me your biro" ne, ko kuma "May I borrow your biro?" Kuskure ne da ake jin sa daga Sakkwato har Fatakwal, kuma ina da tabbacin cewa idan kika tambayi 'yar taki bambancin aro da rance za ta yi inda-inda.

Dalilin da ya sa nake matsa miki a kan waɗannan ƙananan abubuwa shi ne yadda ake ba da maki. A takardar insha'i ana son ki rubuta kimanin kalmomi 450, ana kuma raba makin gida huɗu: abin da kika faɗa, tsarin da kika bi, iya sarrafa harshe, da tsabtar rubutu daga kurakuran nahawu da na haɗa baƙi da alamomin tsayawa. Wannan kaso na ƙarshe maki 10 ne, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci, wato kurakurai 20 sun isa su share shi baki ɗaya. Layukanki biyar kaɗai da sun cinye rabinsa. Tazarar da take tsakanin D7 da C6, wato mafi ƙanƙantar kiredit, ba ta da yawa, kuma sau da dama a nan ake rasa kiredit ɗin. Saboda haka ki rubuta gajerun jimloli waɗanda kike da tabbacinsu, ki bar manyan kalmomin burgewa, domin na ga ɗalibai da yawa sun haddace kalmomi masu tsawo sun jera su a kan aikatau karyayye, ba su kuwa tsira ba. Ki kuma je kwalejin da kike nufi ki tabbatar suna karɓar sakamakon zama biyu, wato haɗa tsohon sakamakonki da sabon, kamar yadda kwalejoji da yawa suke yi, sannan ki tuna cewa Turanci dole ne a jarrabawar JAMB, don haka wahalar da za ki sha yanzu sau biyu za ta biya ki.

Shirun da kika yi a gida shi ne abin da ya fi damuna a wasiƙarki, fiye da kurakuran. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a hukumance a 1922 kuma gininta ya zama gidan adana kayan tarihi a yau, ta yi suna ne wajen horar da ɗalibai su furta Turanci da baki, ba su tsaya ga karanta ƙa'idoji ba. Daga gidajen da babu mai jin Turanci aka kawo yaran, cikinsu har da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960 ya yi jawabi da harshen da bai sha a nono ba. Na sani su samari ne a makarantar kwana, babu girki babu raino, ke kuwa kina da gida da 'ya'ya huɗu, don haka ba zan ɗora miki abin da ba za ki iya ba. Ki sayi littafin rubutu mai ganye 40. Kowane dare bayan sallar isha'i ki rubuta jimloli biyar a kan abin da ya faru a gidanki ranar, ki ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, ki tambayi kanki ko na ne, ko ina, ko zan, ko nakan, sannan ki karanta su da ƙarfi sau uku har kunnenki ya saba. Ranar Juma'a ki sauya, ki rubuta abin da wani mutum ɗaya ya saba yi, domin ki horar da hannunki a kan "s". Idan kina aikin gida ki saurari labaran rediyo na Hausa, sannan ki saurari na Turanci na wannan rana, tun da kin riga kin san abin da ya faru, hankalinki zai koma kan yadda aka gina jimlolin. Turancin da ake rubutawa a WhatsApp da Facebook kuwa kada ki ɗauke shi abin koyi. Littafin mai kauri ki mayar da shi wurin duba abin da ya shige miki duhu, kuma watanni biyu kafin jarrabawa ki koma kan tambayoyin shekarun baya.

Game da yarinyar, abu biyu ne, kuma kada ki haɗa su. Yi wa uwa dariya a gaban ƙanne rashin ladabi ne ko da uwar ta yi kuskure, saboda haka ki kira ta ku biyu, ba cikin fushi ba, ki nuna mata cewa gyara daban, wulaƙanci daban, kuma kuɗin makarantar da ya koya mata "lend" daga gidan nan ya fita. Bayan wannan ya wuce da kwana biyu, ki ba ta aikin duba jimlolinki biyar na dare, bisa sharaɗin duk abin da ta ce kuskure ne sai ta faɗi dalili, idan ta kasa ku buɗe littafin tare. Za ki tarar tana gane kuskure da kunne amma ba ta iya bayaninsa, ke kuwa yanzu kina da bayanin, kuma yaron da aka ba amanar gyara da wuya ya ci gaba da dariya. Na san akwai alkunya tsakanin uwa da 'yar fari, wata uwar ko sunan ba ta iya kira, balle ta zauna gabanta da littafi. Idan abin ya yi miki nauyi, kada ki tilasta wa kanki, ki nemi wata malamar makaranta a unguwarku ta riƙa duba miki littafin sau ɗaya a mako, amma karatun da ƙarfi dole a cikin gidanki za ki yi shi, kowa yana ji.

Ga layukanki bayan gyara, ki kwafe su a shafin farko na sabon littafin, ki sa na asalin a gefensu domin ki riƙa ganin inda aka taɓa: "Yesterday I went to the market with my daughter. She liked the cloth that I bought. She has two uniforms now. I did not see the tailor. My husband's car broke down on Friday." Za ki lura na cire "spoil" gaba ɗaya, domin a Turancin jarrabawa madara da nama ne suke "spoil", mota kuwa "break down" take yi. Bayan mako huɗu ki aiko mini da sababbin jimloli goma, biyar a kan bikin da kika halarta, biyar a kan abin da maigidanki yakan yi kowace safiya, zan duba su in mayar miki. Allah ya ba da sa'a, ki gaishe da yaran.